Aikin canza aksil na tirelar jirginmu, inda aka kwana

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Toh jama'a barkanmu da shan ruwa, Allah ya maimaita mana. Nace bari na riƙa rubuta yadda aikin nan yake tafiya saboda 'yan uwa masu fito na wajen Guri da Kiri Kasamma da suke ta kirana suna tambaya, kuma ko ba komai wani zai ƙaru. Tirelar da muke ɗora jirginmu na katako a kai tun ƙarshen damina take zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidan Kawu, aksil ɗin baya, wato sandar ƙarfen da tayoyin suke jikinta, ya karye mana ne daidai lokacin da muke fito da jirgin daga ruwa, ji kake ƙas, tayar hagu ta kwanta ciki, jirgin ya karkace saura kaɗan ya danne ƙanina da yake riƙe da igiya ta gefen. Allah ne kawai ya tsare. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Mu nan ƙasar Auyo jirgi ba kayan kamun kifi bane kawai. Ruwan dam ɗin Tiga da na Challawa duk a kogin Haɗeja yake ƙarewa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, to in ya cika ya rasa hanya gonaki da gidaje yake bi. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san me nake nufi, a jirgin nan muka riƙa kwashe mata da yara da buhunan hatsi, kuma tirelar nan ce take kai shi duk inda ruwa ya yanke hanya. Shi yasa bana son a sake yi mata aikin jeka-na-yi-ka.

Talata, 8 ga Afrilu

Yau mai waldarmu yazo da giranda muka yanke karyayyen aksil ɗin gida biyu don mu ga cikinsa. Wallahi abin da na gani ya tsorata ni. Ta waje fenti baƙi ne lafiya lau, duk shekara ni da kaina nake shafa shi, amma cikin bututun cike yake da busasshiyar laka da ɓawon tsatsa, yana juya shi sai ga gari ja yana zubowa kamar an daka jar kanwa. Ta ƙasan inda laka take kwanciya ƙarfen ya sirance bai fi kaurin kwanon rufi ba, na sa ƙusa na danna da babban yatsa ta shige. Wato shekara da shekaru muna shafa masa fenti ta baya tsatsa tana cinsa ta ciki.

Mai walda yace min, maigida ai wanda ya haɗa wannan bai toshe bakin bututun da kyau ba kuma bai bar ƙofar da ruwa zai fita ba, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Muka ƙwanƙwasa na gaban da guduma, shima sautinsa a dushe yake kamar ka buga fasasshiyar ƙwarya. Kenan duka biyun za'a canza. Kawu ya so a bar na gaban tunda bai karye ba, nace Kawu kayi haƙuri, tare aka saka su, ruwa ɗaya suka sha.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Awo. Wannan shine abin da na koya a wajen wani tsohon bakanike a Haɗeja, yace kar na kuskura na tafi kasuwa ba tare da awo biyu a takarda ba, na farko daga fuskar hob zuwa fuskar hob wato inda rim yake zama a kowane gefe, na biyu daga tsakiyar sifirin na dama zuwa tsakiyar na hagu. Sai kuma nauyi. Mun lallaɓa da aksil ɗaya da aron wani na amalanke muka kai jirgin sikelin mota na wani injin shinkafa, jirgi da inji da ita kanta tirelar suka tashi kusan kilo 1,900, kuma wannan a bushe ne fa da rani, katako in ya sha ruwa nauyinsa daban ne, balle kuma wani lokacin a jefa taru da jarkokin mai a ciki. Saboda haka na sa a raina duk abin da zan saya sai ƙarfinsa ya wuce wannan da rata sosai.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na shiga Kano, na bi ta Gujungu da sassafe, kafin azahar ina kasuwar Ƙofar Ruwa. Yini guda nayi ina zaga layin 'yan ƙarfe da na 'yan kayan mota, ga abin da na samu.

Na farko aksil ɗin bayan J5, wanda kowa yake sawa a amalanke. Gaskiya ƙarfe ne mai kauri, tunda motar da ƙafar gaba take ja, na bayan sanda ce kawai babu giya a ciki, ga boris ɗinsa ko'ina akwai, ga araha. Matsalarsa ɗaya, don titi aka yi shi ba don a riƙa tsoma shi a kogi ba, kariyarsa fenti ce, kuma fenti a ƙarƙashin tirelar da take gurzar yashi da saiwar kachala baya kwana biyu. Da zarar ya kankare a wuri ɗaya tsatsa ta samu ƙofa, daga nan ta riƙa bi ta ƙarƙashin fentin tana ɗaga shi.

Na biyu wani yace zai haɗa min da bututun ruwa na ji-ai, tunda shi baya tsatsa. Eh an lulluɓe shi da tutiya mai kare ƙarfe daga tsatsa amma don ɗaukar ruwa aka yi shi ba don ɗaukar tan biyu a hanya mai gargada ba, kuma sai an yi masa walda a baki biyu a haɗa sandar da boris yake zama, wutar walda kuwa ƙone tutiyar take a daidai wajen, kaga inda yafi buƙatar kariya nan ne zai zama tsirara. Na gode masa na wuce.

Na uku shine wanda ya kusa cin kuɗina. Wani yaro ya ja ni shagonsu ya nuna min aksil sabo fil yana ƙyalli fari tas, yace Alhaji wannan galbanaiz ne ko a teku ka jefa shi. Har na fara ciniki. Allah yasa akwai wani dattijo mai sayar da kwano a maƙota yana jinmu, ya kira ni gefe yace ɗana samo tsumma da ɗan tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Na sayo tina na ɗari biyu a wajen mai fenti, na diga a tsumma na goga a ƙasan aksil ɗin, tsumman ya koma ruwan azurfa, ƙarfen ya fito baƙi ƙirin. Fenti ne kawai aka fesa. Ban yi faɗa da kowa ba, na ajiye tsumman a kan kanta na fita, amma raina ya ɓaci ƙwarai don da na saya rayukan mutane zan ɗora a kai.

Dattijon nan ya zaunar dani a benci ya bani ruwa, ya min bayanin da ban taɓa ji ba duk da shekarun da nayi ina ganin kwanon rufi da bokitin ƙarfe. Yace galbanaiz na gaskiya tsoma ƙarfen ake yi gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, ta kama jikinsa ciki da waje, ba shafe bane, haɗewa suke. Shi yasa baya ƙyalli, launinsa toka-toka ne, jikinsa da ɗan kaushi, wani wajen ma zaka ga inda ta ɗiga ta daskare kamar hawayen kyandir. Akwai kuma wanda ake yiwa da lantarki irin na ƙananan notina masu sheƙi, shima tutiya ce amma siririya ce ƙwarai, a cikin ɗaki ta isa, a ruwa bata daɗewa. Abin da yafi burge ni shine da yace ko an karce ta har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da take kewaye da wajen ita take fara cinyewa ta bar ƙarfen, kamar dai ta fanshe shi da kanta. Fenti baya wannan. Yace kuma na duba, bututun da aka tsoma da gaske dole a ga ƙananan ƙofofi a jikinsa, don ba'a tsoma rufaffen bututu a wannan zafin, fashewa yake, kuma ta ƙofofin ne tutiyar take shiga ciki. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ko sisi bai karɓa ba.

Na dawo gida hannu rabbana, sai kuɗin mota da ya tafi.

Litinin, 12 ga Mayu

Anyi zama a ƙofar gidan Sarkin Ruwa bayan la'asar tunda kuɗin aikin na mu mutum shida ne. Wasu suka ce mu ruwanmu ba na gishiri bane, wannan tsadar ta 'yan bakin teku ce, a sa na J5 a shafa jan fenti a wuce wajen. Akwai gaskiya a maganarsu, ruwan gishiri yafi cin ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma nace ranka ya daɗe ba ruwan bane kaɗai, laka ce, ita take maƙalewa ta riƙe danshi wata da watanni, ga shi mu ta gonakin shinkafa muke bi inda aka zuba takin zamani, kowa kuma yasan yadda taki yake yiwa bodin mota da shebur. Na ɗauko guntun aksil ɗin da muka yanke na ajiye a tsakiyar tabarma. Sarkin Ruwa ya juya shi ya leƙa ciki ya sa ɗan yatsa ya fito da shi jawur, yayi shiru can yace gani ya kori ji, a nemo mai kyaun.

Wani ya kawo maganar sitenles, farin ƙarfen nan da baya saurin tsatsa. Nace na tambaya, aksil ɗin sitenles ba abin da zamu samu bane a kusa kuma kuɗinsa ya wuce aljihunmu, an rufe wannan babin.

Laraba, 28 ga Mayu

Alhamdulillah. Ɗan yayana da yake aikin lodi a Legas ya samo mana guda biyu daga tirela ɗaya, ta wani jirgin shaƙatawa ce da aka shigo da ita daga Amurka, firam ɗin ya lanƙwashe a hatsari aka yanka ana sayarwa gunduwa-gunduwa. Na sa shi ya kira ni ta bidiyo ya goga tina a gabana, babu abin da ya fita. Ya karta da wuƙa, sai ɗan layi mai haske, ba ɓawo. Na ga ƙofofin nan da dattijo ya faɗa. A jikin ɗaya akwai ƙaramin faranti da aka rubuta 3,500 a ma'aunin fam nasu, wato kusan kilo 1,590 kowanne, biyun sun haura kilo 3,100, ya ishe mu har da rara. Kaurin bututun inci biyu da uku bisa takwas. Na ce ya haɗo da hob da notinan taya duka kar ya bar ko ɗaya, don zaren notin nasu na inci ne, namu na mota na milimita ba zai shiga ba. Zai ɗoro su a motar da ta kai shanu zata dawo.

Abu ɗaya ya dame ni, awon tsakanin sifirin nasu yafi namu faɗi da kusan inci uku.

Asabar, 14 ga Yuni

Sun iso bayan babbar sallah, direban ya sauke mana a Haɗeja muka ɗauko a a-kori-kura. Duk wanda ya gani sai yace wannan tsohon abin kuka sha wahala a kai, don babu ƙyalli ko kaɗan, wani wajen ma akwai farin gari-gari kamar an barbaɗa toka. Wannan farin ba matsala bane, tutiyar ce take haka in ta daɗe a danshi, na goge da buroshi ya fita ƙasansa lafiya. Akwai ɗan doro a tsakiyar kowanne, Kawu yace ai a lanƙwashe suke an cuce mu, sai da bakaniken ya masa bayani cewa haka ake yinsu da gangan, doron sama yake kallo, in kaya ya hau sai ya miƙe tayoyin su tsaya daidai. Wanda ya kifa shi ƙasa zai ga taya tana cinyewa ta ciki.

Nan muka yi doguwar muhawara da mai walda kan inci ukun nan. Shi a ganinsa abu mai sauƙi ne, ya yanke kujerar sifirin da take jikin aksil ya matsar da ita ciki ya sake like ta, aikin awa ɗaya. Nace Oga kar wuta ta taɓa aksil ɗin nan, duk wahalar da muka sha saboda tutiyar nan ce, in ka ƙone ta a wuri huɗu a kowanne me muka yi kenan, kuma ta cikin bututun ma ƙonewa zata yi inda hannu baya kaiwa balle a shafa wani abu. Firam ɗin namu baƙin ƙarfe ne, shi za'a gyara ya bi aksil, a fitar da maratayan sifirin waje inci ɗaya da rabi kowane gefe a ƙara musu ƙarfe mai kauri. Yace aikin kwana biyu ne kuma kuɗin zai ƙaru, nace na yarda. Shi da kansa daga baya yake bani labarin ranar da ya yini yana waldar bututun ji-ai a cikin shago, farin hayaƙin nan ya shaƙa, da daddare zazzaɓi da rawar sanyi suka rufe shi kamar masassarar sauro, bakinsa yana ɗanɗanon ƙarfe. Yace tun daga nan in dole ta kama sai ya goge tutiyar da giranda tukuna kuma a waje inda iska take kaɗawa. Masu cewa a sha madara ta wanke, madara bata hana hayaƙi shiga huhu.

Talata, 17 ga Yuni

Yau ranar boris ce, kuma nan ne nake ganin yawancinmu muke asara ba tare da mun sani ba. Mun buɗe hob huɗun, uku giris ɗinsu lafiya, ɗaya kuwa ya koma fari-fari kamar kindirmo, alamar ruwa ya shiga, ƙwayoyin boris ɗin duk sunyi tabo. Sandar da boris yake hawa ita ba'a tsoma ta a tutiya, a goge take sumul, giris ne kawai gatanta, na wanke kowacce da kananzir na bi da farce musamman inda robar sil mai tare ruwa take gogawa, don in wajen yayi rami-rami ko sabon sil ka saka ruwa zai wuce. Allah ya taimaka duk sumul suke banda ɗan tabo a ɗaya da muka bi da sanfefa mai laushi.

Lambar boris ɗin tana rubuce a jikinsu, na ciki L68149 na waje L44649, da su na aika Kano aka samo, na canza na duka hob huɗun da sil sababbi masu leɓe biyu. Giris kuma na nemi wanda aka rubuta na jirgin ruwa ne, yafi tsada amma ruwa baya wanke shi da wuri, kuma ban haɗa shi da tsohon ba sai da na wanke tas. Cusa shi nayi da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen ƙwayoyin. Wajen ɗaure babban notin, ka ɗaure kana juya hob ɗin har ya zauna, sannan ka sassauta kaɗan ka sa sabon fin ɗin da yake hana notin juyawa, in ka matse shi tam zafi zai yi ya cinye.

Bakaniken ya ƙara min wani abu da ya bani haushin shekarun baya. Yace in anyi tafiya hob yana ɗaukar zafi, iskar cikinsa ta buɗe, to in ka tura shi cikin ruwan sanyi a take sai iskar ta tsuke ta zuƙo ruwa ta bakin sil. Mu kuwa haka muke yi kullum, muna isowa gaɓa sai baya-baya cikin ruwa saboda mutane suna jira. Daga yau in mun iso sai an kwance igiyoyi an ɗora inji an taɓa hob an ji ya huce tukuna.

Rim: ƙofofin noti biyar ne. Mun gwada na Camry, ƙofofin sun dace amma ramin tsakiya ya ƙi zama, sai na wata tsohuwar Hilux mai noti biyar ya zauna daram. Huɗu da safaya ɗaya.

Juma'a, 11 ga Yuli

An ɗaura. Sifirin ɗin dai baƙin ƙarfe ne, mun wargaza su ganye-ganye muka kankare muka shafa giris a tsakani, na san su zasu riga komai lalacewa amma a fili suke ido yana ganinsu kuma canza su ba wuya. Yu-bol ɗin da suka zo da aksil ɗin, wato lanƙwasassun ƙarafan da suke ɗaure shi da sifirin, guda biyu sun cinye a zare, na sa an kawo na galbanaiz masu toka-toka, ban yarda da masu sheƙin nan ba. Firam kuma bayan walda mun bi shi da buroshin ƙarfe, jan fenti hawa biyu sannan baƙi, kuma duk wani bututu da yake jikinsa na sa an huda masa ƙofa ta ƙasa a inda yafi gangara don ruwa ya samu hanyar fita. Ba birki a ƙafafun, don haka na gaya wa ƙanina da yake jan motar, a hankali, ko a kwalta.

Bayan sallar Juma'a muka ɗora jirgin muka je gaɓa muka dawo. Na taɓa hob huɗun da bayan hannu, ɗumi kawai. Doron ya miƙe kamar yadda aka faɗa, Kawu ya tsuguna ya leƙa ya tashi yana murmushi yana cewa madalla.

Lahadi, 3 ga Agusta

Ruwa ya fara hawa, hanyar da take zuwa unguwannin bayan fadama ta yanke tun ranar Laraba. Zuwa yau mun tsoma tirelar sau tara. Duk dawowa yaran gida suna ɗebo ruwan rijiya bokiti huɗu a watsa a ƙarƙashi a zungure lakar da kara, musamman tsakanin sifirin da kujerarsa da bakin ƙofofin nan. Na sake bin yu-bol da notin taya da sifana, biyu sun ɗan saki na ƙara musu. Akwai inda dutse ya karci aksil ɗin gaba tsawon ɗan yatsa tun a tafiya ta biyu, na zagaye wajen da alli ina dubawa, sati biyu kenan bai yi ja ba. Ɗazu da safe na cire murfin hob na baya na hagu, wanda ya zo da ruwa a ciki, na lakato giris ɗin da tsinke na duba a rana, launinsa bai canza ba.

Gobe da asuba akwai masu shinkafa buhu ashirin da za'a tsallakar, da wata mai juna biyu da za'a kai asibiti Haɗeja, mijinta yazo tun magariba ya faɗa. Ita zamu fara ɗauka. Sauran hob ukun sai ranar Laraba in Allah ya kaimu zan buɗe.